Rashin wuta ne ko rashin awo? Me ya sa injin da muke ƙerawa a Jos ba ya ɗorewa?

Mai_Walda_Dilimi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun kaka, na ga gara in kawo shi nan, tunda muna da injiniyoyi da 'yan kasuwa da iyayenmu da suka yi aikin kamfani.

Shekarata ashirin da biyu ina walda da haɗa injuna a Dilimi, na markaɗe, na niƙa, na sussukar masara. Bara wata ƙungiyar mata daga wajen Bokkos suka ba ni aikin injin surfen acca. Na yi, na kai, ya tashi, kowa ya sa albarka. Da kaka ta kama aiki ya yi yawa, sai gidan boris, wato mazaunin da sandar injin ke juyawa a ciki, ya fashe. Na ce wa yarona ya kwance na wani injin irinsa da ke shago ya kai musu. Ya hau mota ya je, ramukan noti suka ƙi hawa. Ni na yi wancan, ni na yi wannan, amma tazarar ramukan ta bambanta da kusan faɗin yatsa, don da ido na huda su duka. Injin ya yi kwana goma sha tara a kwance, matan suka koma turmi da taɓarya.

Da na je da kaina, wata dattijuwa a cikinsu ta ja ni gefe. Ta nuna mini dutsen da suke takawa kafin su iya juye acca a bakin injin, don daidai tsayina na yi shi. Ta nuna mini bel ɗin da na bari a buɗe, ta ce ya taɓa fizgar zanin wata yarinya, Allah ne ya tsare. Sannan ta ce, "Ɗana, da za ka yi shi, ka taɓa zuwa ka ga yadda muke aikin?" Ban taɓa zuwa ba.

Kullum muna cewa rashin wuta da rashin jari ne suka hana masana'antu tsayuwa a ƙasar nan. Ni yanzu na fara ganin akwai wani ciwon a jikinmu: ba ma zana abu kafin mu yanka ƙarfe, ba ma rubuta awo, ba ma tambayar wanda zai yi aiki da shi. Ko an ba mu wuta dare da rana, abin da muke ƙerawa a haka zai ɗore? Ina neman ra'ayinku.

DanGangare:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Wuta ce, kuma jari ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, rabin abin da nake samu a shago janareta ke cinyewa. Wanda ke jiran a kawo wuta ƙarfe biyun dare ya tashi ya yi walda cikin sanyin Jos, shi za ka ce ya zauna yana zane? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu_Safwan:
DanGangare ya faɗi gaskiya. A gyara wuta tukuna, sauran duk za su biyo baya.

Injiniya_Rikkos:
Ba na musun maganar wuta, ni ma tana cina. Amma ku duba abin da ya kwantar da injin Bokkos kwana goma sha tara. Ba wuta ba ce, injin ma da fetur yake aiki. Rami huɗu ne da ba su hau ba. Maganinsu bai fi faranti ɗaya na ƙarfe ba: ka auna da kyau sau ɗaya, ka huda, ka rataye shi a ƙusa. Duk injin da za ka yi, ka ɗora farantin nan a kai ka huda ta cikin ramukansa. Daga ranar, gidan boris ɗin kowane injinka zai shiga na ɗan'uwansa. Tela ma da yake ɗinka rigunan makaranta ɗari ba ya auna kowace da ido, kwali yake yankawa ya ajiye.

Bambancin maƙera da masana'anta ke nan a wurina. Ba girman gini ba ne. Masana'anta ita ce inda abu na ɗari yake daidai da na farko, ko da maigidan yana Saudiyya.

Kuma akwai wani abu da mu mutanen Jos ba mu cika lura da shi ba. Garin nan yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta da kauri kamar ta Legas. Injin fetur ko dizal na yau da kullum yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Wato ƙarfin doki shida da rabi da aka rubuta a jikin kwali, in ya iso Jos ya ragu da kashi goma ko fiye. In ka kwafo injin niƙa daga Kano ko Aba da fulinsa, wato faifan da bel ke juyawa, da komai, ka ɗora masa wannan kan injin, zai riƙa shaƙewa yana hayaƙi, ka ce jabu aka sayar maka. Alhali girman fuli kawai ya kamata ka sauya. Wannan shi ne zane: ka san ina abin zai zauna, wa zai taɓa shi, me zai fara lalacewa, kuma a ina za a samo madadinsa.

Mai_Walda_Dilimi:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Maganar shaƙewar nan na sha ganinta, na ɗauka man ne ba shi da kyau.

Baba_Makeri:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Masu cewa wuta ce kaɗai, ku sani garin nan ya riga yawancin Najeriya samun wuta mai kyau. Tun 1929 kamfanin NESCO ya kama aikin samar da wuta daga ruwan Kurra, saboda ma'adinai. Jirgin ƙasa ya iso nan daga Zariya tun 1914. Me aka yi da wutar da jirgin? Aka haƙa kuza aka loda, aka kai Ingila aka narke a can. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa matatar narka kuza a nan, wadda ake kira Makeri. Ni na yi lebura a filin kuza ina saurayi, daga baya na koma wajen tanda. Ko a lokacin, sanduna muke zubawa a fitar waje. Gwangwanin da aka shafa wa kuzarmu kuma a dawo mana da shi da madara a ciki mu saya. Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, komai ya zube, don ba mu da wani abin da muke yi da ita a gida.

Kuma kada ku ɗauka Turawa ne suka koya mana narka ta. Mutanen Ririwai suna narka kuza tun kafin zuwansu, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su saya. Wannan ilimin bai samu wanda ya ɗora a kansa ba.

Abin da aka bar mana kuna gani, kududdufai daga Bukur har Barikin Ladi. Wanda ya tsara haƙar bai tsara ranar tashi ba. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane.

Kawu_Bukur:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. In ƙara da kamfanin mulmula ƙarfe na Jos. A farkon shekarun 1980 aka buɗe shi tare da na Katsina da na Oshogbo, kowanne an tsara shi ya fitar da tan 210,000 a shekara. Amma ba ya narka ƙarfe da kansa. Sai an kawo masa curin ƙarfe daga Aladja, can kusa da Warri, a kan tirela. Duk ranar da Aladja ta yi tari, Jos ta kwanta. Injunan masu kyau ne, ma'aikatan sun iya aiki, tsarin ne aka ɗaure shi da igiya ɗaya.

Abu_Safwan:
Kawu, ba daga Ajaokuta ake kawo musu ba?

Kawu_Bukur:
A'a ɗana, Aladja ce. Ajaokuta da aka ba Rashawa kwangilarta a 1979 ba ta taɓa kaiwa ga narka ƙarfe daga dutse ba har yau. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ga 'yan gwangwan suna tara ƙarfe a Jos kullum, tirela tana kwasa zuwa kamfanonin narka ƙarfe na wasu jihohi, a yi rodi a dawo mana da shi da kuɗin mota sau biyu a kai.

Ummu_Hanan:
Salamu alaikum. Maza kun tafi tarihi, bari in dawo da ku gindin turmi. Ina sayar da acca wankakkiya a leda, masu ciwon suga ne yawancin masu saye, har Abuja nake aikawa. Malam Mai Walda, maganar dattijuwar nan ita ce maganar dukanmu. Surfe rabin wahala ne. Babbar wahalar acca yashi ce. Ƙwayarta da ƙwayar yashi kusan girmansu ɗaya, rariya ba ta raba su. Sai ka zauna da ƙwarya biyu da ruwa kana rairaya, kana tsiyayewa, kana sakewa. Mudu goma yana cin mini yini da jarkar ruwa ba adadi, ga sanyi yana tsaga hannu a watan Disamba. In tsakuwa ɗaya ta shiga haƙorin mai saye, ka rasa shi ke nan.

Sau uku ina zuwa wajen masu haɗa inji ina yi musu bayanin wannan. Kowanne sai ya nuna mini injin da ya riga ya iya, ya ce in saya. Ba wanda ya ce mini, Hajiya, zan zo in ga yadda kike rairayar.

Wani abu kuma, farantin niƙan da ake zubawa da tarkacen ƙarfe yana cinyewa ya shiga gari. Ku sa maganaɗisu a cikin garin da aka niƙo da sabon faranti ku ga abin da zai kama. Wannan cikin 'ya'yanmu yake tafiya.

Dalibi_Narkuta:
Hajiya, game da surfen acca akwai wanda ya yi irin abin da kike faɗa. Wani malamin makaranta ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya taso yana surfa ta da hannu tun yana yaro. Ya gane cewa duka da ƙarfe yana farfasa ƙwayar, sai ya ƙera inji mai faifai masu lanƙwasa da suke murza ta a hankali. Yana surfe kilo 5 cikin minti 8, kuma ya samu kyautar Rolex a 1996. Mu ma muna da namu, Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya samu kyautar a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tashi yana janye zafi, kayan miya su yi makonni maimakon kwanaki. Ba wuta, ba fetur, kuma masu ginin tukwane na ƙauye ne suka samu aikin. Duka biyun daga cikin wahalar suka fito, shi ya sa abin ya zauna.

DanGangare:
Ɗalibi, tukunya ba masana'anta ba ce. Muna maganar abin da zai ɗauki matasa dubu aiki, kana kawo mana randa.

Dalibi_Narkuta:
Yaya, to ga wanda ya zama masana'anta: buhun wake mai ninki uku, leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa. In an ɗaure iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka tsara shi tare da abokan aikinsu na Afirka, yanzu kuma a Kano ake buga shi ana sayarwa. Dabarar ƙarama ce, amma ga kamfani, ga dillalai, ga wake ba guba.

Dillalin_FarinGada:
Tunda an zo kan kayan gona bari in faɗi nawa. Shekara goma sha biyar ina lodin tumatir daga Farin Gada zuwa kudu. Kwandon kaba yana da baki mai faɗi da gindi siriri, in aka jera su a mota na sama yana zama a kan tumatirin na ƙasa, ba a kan kwandon ba. Kafin a kai Legas ruwa yana ɗiga daga bayan mota, kuɗinmu ne ke zuba a titi. An kawo mana kiret na roba, kuma wallahi yana da kyau, don kiret a kan kiret yake zama, tumatir ba ya ɗaukar nauyin komai. To me ya sa har gobe kwando ya fi yawa? Saboda kwando in ya isa can ya gama aikinsa. Kiret kuwa dukiya ce, sai an dawo da shi, kuma wanda aka ba ni ko babu komai a ciki wurin da yake ci a mota ɗaya ne da mai kaya. Wa zai biya kuɗin motar iska daga Legas zuwa Jos? In ya ɓata a kasuwa wa zai biya? Sannan mai saye a can da kwando ya san farashi, ba da kilo ba.

Wanda ya kawo mana kiret ɗin ya yi tunanin tumatir, bai yi tunanin hanyar dawowa ba. Na ji akwai wanda ake zura shi cikin ɗan'uwansa in babu kaya. Akwai wanda ya san mai yin irinsa a Arewa?

Malama_Anguwan_Rogo:
Ni koyarwa nake yi a makarantar koyon sana'a, kuma abin da zan faɗa zai yi wa 'yan boko ɗaci. A inda na yi karatu akwai wani ɗaki cike da injunan da ɗalibai suka ƙera na kammala karatu: na busar da tumatir, na feraye dankali, na fasa gyaɗa. Ƙura ta rufe su. An ba da maki, an ɗauki hoto, an kulle. Namu na busar da tattasai ko sau ɗaya ba mu kai shi gona ba. Mu mun iya zane ba mu san kasuwa ba, su Malam Mai Walda sun san kasuwa ba su rubuta awo. Tsakanin makarantar da Dilimi kuɗin Keke ɗaya ne.

Abin ya fi ciwo in ka tuna hedikwatar ITF tana nan Jos, hukumar da aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikatan masana'antu, ga kuma cibiyar binciken sarrafa ƙarafa ta ƙasa a kan titin Zariya. Ilimin yana cikin garin nan. Ni shawarata, duk ɗalibin injiniya da za a tura koyon aiki, a daina kai shi ofis yana ɗaukar fayil. A kai shi shagon walda da ma'auni da takarda, aikinsa na wata shida ya zana duk injin da maigidan ke yi, ya bar masa zanen.

Mai_Walda_Dilimi:
Malama, ni dai in an turo mini ina so. Amma zan faɗi tsorona, kuma na san tsoron da yawanmu ne. Abin da ke kaina shi ne jarina. In na rubuta shi a takarda, yaro ya ɗauki hoto da waya, gobe ya buɗe shago a gabana yana yin irinsa da rahusa. An taɓa yi mini. Na ɓata wata huɗu ina gyara wani injin sussuka har ya daina fasa ƙwaya, wani ya saya ɗaya, ya kwance, bayan sati uku ga irinsa a kasuwa da siririn faranti.

AbuFatima_Idu:
Daga Abuja nake bibiyarku. Malam, akwai doka a kan wannan tun 1970. Ofishin rajistar yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a nan Abuja. Sabuwar dabara ana ba ta kariyar shekara 20, siffar kaya kuma shekara 5, ana sabuntawa sau biyu. Sharaɗin shi ne ka yi rajista kafin ka baza abin a kasuwa. Amma ba zan ɓoye maka ba, takardar ba ta kama ɓarawo da kanta, sai ka ɗauki lauya, kuma mai shago ɗaya ba zai iya ba. In ƙungiyarku ce ta yi rajistar ta tsaya a kai, da sauƙi.

A ganina abin da ya fi takarda kare ka shi ne suna. Ka buga lamba a jikin kowane inji, ka rubuta a littafi wa ya saya da ranar, ka ajiye kayan gyaransa a shago. Mai kwafa zai kwafi siffar, ba zai iya cewa "kawo lambar injinka in aiko maka da abin da ya lalace yau" ba.

Kawu_Bukur:
Kuma mu ji tsoron Allah, mu ma kwafa muka yi. Injin markaɗen da ke kowane lungu wa ya ƙirƙiro shi a cikinmu? Japan da Sin da Indiya duk da kwafa suka fara. Bambancin, su suna kwafa su auna su gyara, na biyu ya fi na farko. Mu na biyu yakan fi na farko rauni, don an rage kaurin ƙarfe.

DanGangare:
Yawwa Kawu, ka zo inda nake. Me ya sa ake rage kaurin? Mai saye ne. Ka yi masa lissafin faranti mai kauri da boris na gaske da murfin bel, ya ce ya yi tsada, ya tsallaka shagon gaba. Murfin bel ɗin da dattijuwa ke magana, na sha yi, mai injin da kansa yake cewa in cire in rage masa kuɗi. Mutum bai ƙi mai kyau ba, kuɗin ne babu. Shi ya sa na ce jari. Ku yi ta zane, in aljihun mai saye babu komai, siririn faranti zai saya.

Ummu_Hanan:
Malam DanGangare, ni mai saye ce, bari in ba ka amsa. Na sayi na araha sau biyu cikin shekara uku, kuɗin biyun ya fi na mai kyau ɗaya, ban da kwanakin da na yi ba aiki. Araha ba ta ado. Amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce wannan zai yi miki shekara kaza, in ya lalace kafin nan gyara a kaina. Duk fenti ɗaya ne, kore ko shuɗi, ta yaya zan gane mai kaurin? Wanda ya ba ni wannan alkawarin a rubuce, ya yarda in biya sau uku, zan saya.

Likitan_Unguwa:
Ina so in ja hankali kan kalmar ɗorewa, don ba injin kaɗai ya kamata ya ɗore ba, har da mutumin da ke tsaye a gabansa. Ku tuna Zamfara a 2010, yankin Anka da Bukkuyum. Da injin niƙan hatsi aka riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, a bushe, ƙurar tana ɗauke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Injin bai lalace ba, aikinsa ya yi. An sa shi aikin da ba a tsara shi dominsa ba, a wurin da bai dace ba. Niƙa da ruwa, nesa da gida, da ya rage ƙurar sosai.

A nan Jos ma muna da namu. Masu zuba tukwanen girki daga tarkacen alminiyom, in an haɗa da abin da aka ciro daga tsohon inji ko lagireto ba tare da tantancewa ba, gubar dalma tana iya shiga tukunya. Sannan dusar kuza da ake tarawa a bayan gidaje inda ake tace ta, akwai ma'adinai a ciki masu fitar da tururin da ke cutarwa a hankali, bai kamata a yi yaɓe ko bulo da ita ba. Sake sarrafa tarkace abu ne mai kyau, amma shi ma sai da sani.

Mai_Tukwane_Katako:
Likita, sana'ata ka taɓo, kuma ban ji haushi ba. Mu a wurinmu gwangwanin lemo da tsofaffin tukwane da firam ɗin taga muke narkawa na girki, kayan inji kuma mu ware su don zuba fuli. Mahaifina ne ya koya mini haka, ya ce na inji yana baƙanta tuwo. Amma ba kowa ke warewa ba, kuma ba mu da abin gwaji. Da za a samu inda za mu kai tukunya a gwada a ba mu hatimi, da mu masu warewa mun huta.

Wani abin da nake nema shi ne tanda da ba ta cin gawayi kamar tamu. Ga garin katako nan tsibi-tsibi a kasuwar Katako, wani lokaci ƙona shi ake yi don a samu wuri. Na ga ana matse shi a yi curi a girka abinci da shi. Zai iya narka alminiyom?

Injiniya_Rikkos:
Zai iya in an mayar da curin gawayi kuma ana hura masa iska, don alminiyom yana narkewa a kan digiri 660 ne, gawayi yana wuce haka nesa. Amma kafin ka sauya makamashi, duba tandar. Yawancin waɗanda na gani a buɗe suke, zafin yana tafiya sama. Ka zagaye ta da yumɓu da aka cuɗa da garin katakon nan, in ya ƙone yana barin ƙananan ramuka da ke riƙe zafi, ka yi mata murfi. Ka auna gawayin da kake ci a sati kafin da bayan, ka zo ka faɗa mana a nan.

DanGangare, ban ce ka bar maganar wuta ba. Na ce farantin awo da littafin lamba ba sa jiran wuta.

DanGangare:
Na ji, Injiniya. Zan gwada farantin. Amma ina nan a kan bakata, ranar da aka ba Dilimi wuta ta awa goma sha biyu a jere da rana, za ku ga abin da hannun mutanen nan zai yi.

Baba_Makeri:
Ku duka biyun ku riƙe naku. Ni na ga zamanin da akwai wutar.

Mai_Walda_Dilimi:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta komai har sau biyu. Jiya na yanka farantin, na huda, yana rataye. Na kuma sayi littafi mai bango mai ƙarfi, injin Bokkos ne lamba ɗaya. Ranar Lahadi zan koma can in rage masa ƙafa, in sa murfin bel, ba zan karɓi ko kwabo ba. Maganar ba wa ɗalibi zane kuwa har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, Malama, sai na yi shawara da 'yan ƙungiyarmu.

Hajiya Ummu Hanan, in maigida ya ba da izini, ina so in zo da Injiniya mu ga rairayar nan da idonmu. Ban yi alkawarin inji ba, ban san ko zan iya ba.

Ummu_Hanan:
Na faɗa masa, ya ce bismillah. Ku zo ranar Asabar da hantsi, lokacin ne muke wanki. Ku zo da maganaɗisun ma, akwai garin da aka niƙo mini jiya.

Malama_Anguwan_Rogo:
In ba damuwa zan biyo ku da ɗalibata ɗaya, ta iya zane a kwamfuta. Ba za ta zana komai na shagonka ba, Malam, sai abin da ka yarda.

Dillalin_FarinGada:
Jama'a, tambayata ta kiret ɗin da ake zurawa cikin juna har yanzu ba wanda ya amsa. Tumatirin rani ya kusa fara shigowa. AbuFatima, ko akwai masu yin roba a nan Idu da za ka tambayar mana?